Malam Labbo Tsamaye Ya Rasu, Bai Sauya Hula Ba

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah Maɗaukakin Sarki, Jam'iyyar Garma da Sanda, jam'iyyar manoma da makiyaya, reshen Isa da Sabon Birni, tana sanar da 'ya'yanta da ɗaukacin jama'ar ƙasar Gobir cewa ta samu labarin rasuwar jagoranta kuma ɗan takararta na Majalisar Dokokin Jiha, Dattijo Kwamared Malam Labbo Halliru Tsamaye, wanda Allah ya karɓi ransa ranar Talata da hantsi a wani asibiti a Sakkwato, yana da shekara sittin da tara, saura mako biyar a kaɗa ƙuri'a. An yi masa sutura a mahaifarsa Tsamaye. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi Malam Labbo manomin gero ne da ya shiga siyasa ta hanyar burtali. Kowace shekara kafin ruwan shuka yakan tara masu gona da masu shanu, ya sa su taka hanyar dabbobi da ƙafarsu, a kafa alama kowa yana gani, kuma daga wannan zama ne jam'iyyarmu ta samo sunanta da mutanenta. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, shi ne ya bi waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Isa gida-gida, don kada su rasa ƙuri'arsu bayan sun rasa gonakinsu.

Ba za mu yi wa mamaci ƙarya ba: sau uku ya tsaya takara, sau uku muka sha kaye. Ba mu da motoci, ba mu da atamfar rabo, kuma kowane zaɓe sai an yi mana zawarcin wakilanmu na rumfunan zaɓe, wasu su tafi ko sallama babu. Shi kansa an yi masa tayin sarauta, an yi masa tayin kujerar Makka, don ya janye. Ya yi godiya, ya ɗora malfarsa, ya hau tsohon babur ɗinsa ya tafi cin kasuwar Sabon Birni. Bana ne karon farko da manya suka soma jin tsoronsa.

Wannan ne ya sa dole mu yi magana a kan wani hoto da ya fara yawo a wayoyi tun kafin a dawo daga maƙabarta. An nuna Malam kwance a gadon asibiti, idonsa a rufe, ana yi masa ƙarin ruwa, kansa sanye da hular hana-salla mai tambarin wata babbar jam'iyya, wai ya sauya sheƙa kafin ya cika, ya kuma bar wasiyyar mabiyansa su bi waccan jam'iyyar. Mai ɗakinsa, Malama Hajo, ta shaida mana cewa ranar Lahadi wasu baƙi uku sun zo dubiya, suka nemi ta ɗan fita za su yi masa addu'a, alhali kwana biyu ke nan bai san wanda ke kansa ba. Da ta dawo sun tafi, sai ta tsinci hular a bayan gado. Duk Gobir an san Malam bai taɓa sa hana-salla ba ko da wasa.

Ba mu zargin kowa da ajalinsa, ciwon suga ya daɗe yana fama da shi. Amma muna tambaya: wa ya kai baƙin nan ɗakin? Bayan iyalinsa, mu huɗu kaɗai a shugabannin jam'iyya muka san inda yake kwance, har da mai sa hannu a wannan takarda. Abin ya yi mana ciwo, kuma za mu fara bincike daga kanmu. Muna kuma lura da buhunan shinkafar da ake saukewa a wurin zaman makoki tare da masu ɗaukar hoto, daga mutanen da ba su taɓa taka Tsamaye ba yana raye.

Muna kira ga 'ya'yan jam'iyya kada su miƙa katin zaɓensu ga duk wanda ya zo da sunan Malam. Bayan addu'ar bakwai za mu zauna a ofishinmu na Isa, a bainar jama'a, mu tsayar da wanda zai gaje shi a takara.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Malama Hajo, da babbar 'yarsa Malama Naja'atu da ƙannenta, da masu girma dattawan Tsamaye, da manoma da makiyayan da ya yi wa hidima. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi, mu kuma ya sa mu cika da imani.

Malfarsa tana hannun iyalinsa. Ita kuwa hular da aka ɗora masa, Malama Hajo ta kawo mana ita, mun rataye ta a ƙofar ofis. Muna jiran mai ita ya zo da kansa ya karɓi abarsa, ranar kasuwa.

Sa hannu,
Kwamared Nasiruddeen Malami Alkalawa
Sakataren Watsa Labarai, Jam'iyyar Garma da Sanda
Reshen Isa da Sabon Birni