Taron Alhamis na Baba

Dutse Uku, Jos
6 ga Maris, 1978

Yaya Lukuman,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan karatu na tafiya lafiya. Inna na gaishe ka.

Yau kwana arba'in Baba bai sha giya ba. Wani makanike a Gada Biyu, Oga Ignatius, shi ma tsohon mashayi, yana tara masu son barin giya, su bakwai har da shi da Baba, kowace Alhamis bayan la'asar, a wani ɗaki bayan cocinsu. Suna zama da shayi, kowa ya faɗi sunansa da kwanakin da ya yi bai sha ba. Abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita. Baba ya koma kan kekensa na ɗinki.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Safara'u

Zariya
20 ga Maris

Safara'u,

Na gaishe ku. Labari ya riga wasiƙarki zuwa. Direbobin Jos suna cewa Malam Isa tela ya bar Musulunci, an gan shi yana shiga harabar coci. Har a tasha aka tare ni da maganar. Ki gaya masa ya daina zuwa. Shan nan kowa ya saba da shi, wannan kuwa ba za mu iya ɗaga kai ba.

Lukuman

Jos
3 ga Afrilu

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ban iya gaya masa da bakina ba, sai na karanta masa wasiƙarka kamar yadda ka rubuta. Ya ce, "Shekara tara ana kwaso ni daga kwata, ba wanda ya rubuto." Duk da haka bai je ba, Alhamis biyu.

Jiya Oga Ignatius ya zo shago, ina wajen. Ya ce, "Isa, kujera naka yana nan, ba wanda ya zauna."

Baba ya ce, "An ce na zama naku."

Ya yi dariya. "Kai? Ko waƙa ɗaya ba ka iya ba. Mu ba mu so!"

Baba bai yi dariya ba. Sau uku zare na kuɓuce masa. Inna ta ce ta ga ya bi ta ƙofar gidan burkutu, ya tsaya, sannan ya wuce.

Ka huta lafiya.
Safara'u

Jos
8 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa. Ranar Alhamis Baba ya sa na share zaure, Oga Ignatius da sauran, su shida, suka zo gidanmu. Maƙwabcinmu Malam Bala ya leƙo ya ce, "Taron me ake yi?"

Baba ya ce, "Na mashaya ne, Bala. Ka gaya wa direbobi."

'Yan taron sun ce za su dawo mako mai zuwa.

Taka, Safara'u