Daɓen Katako da Ruwan Alwala

Zuwa ga 'yata Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Ya zafin Legas?

Daɓen katakon da kika sa aka shimfiɗa mini ya raba gwiwoyina da sanyin siminti, Allah ya yi miki albarka. Sai dai ba ya son ruwa, ni kuwa ƙafa ta ƙi, a bakin gado nake alwala. Allo ɗaya ya kumbura, jiya na yi tuntuɓe da shi, Allah ya tsare. Wani kafinta daga Gumel zai sauya shi. Yanzu a daron marigayiya mahaifiyarki nake alwala, in goge abin da ya fallatsa.

Katako yana amsa sawu, Rakiya, amma sandata kaɗai nake ji a kansa. Ku zo da sallah.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa.

Mahaifinki