Jirgin da Ya Ɗauki Odessa

Memphis, 15 ga Agusta, 1878

Zuwa ga ƙanena Prentiss,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Zilpha. Allah ya sa takardar nan ta riga jirgin isowa.

Zazzaɓin shawara ya shigo gari. Ta bakin kogi ya fara, yanzu duk mai ƙafa gudu yake. Gidaje ukun da nake yi wa wanki sun tafi. Mutanen gidan Dunleavy ko zannuwan gadonsu da ke kan igiyata ba su tsaya karɓa ba. A tashar jirgin ƙasa na ga babban mutum da gemunsa yana cusa kansa ta taga, ya bar matarsa a ƙasa riƙe da jariri.

Yau da safe na saka Odessa a jirgin ruwa. Tana hannun Tempie, matar maƙwabcina Hosea Whitlow, wadda za ta wurin 'yarta a garinku. An ce ranar Lahadi za su iso. Ka je bakin ruwa ka tarye ta. Rabonka da ita tun tana rarrafe. Yanzu shekararta tara, doguwa ce kamar marigayi ubanta, tana sanye da shuɗiyar riga, kayanta a cikin rigar matashi.

Ni ba inda zan je. Mama ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta, ba kuma wanda zai ɗauke mini ita a cikin wannan turmutsitsi. Hosea ma yana nan. Hukumar gari ta ɗauke shi da keken dokinsa aikin kwasar gawa.

Ka rubuto da zarar ka riƙe hannunta.

Yayarka,
Luvenia Tolliver

St. Louis, 22 ga Agusta

Yaya Luvenia,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Takardarki ta zo duk an huda ta da ƙusa an turara, sai warin farar wuta take. Zilpha ta kore ni tsakar gida in karanta, wai ni da takardar duk mu sha iska tukuna.

Ba zan ɓoye miki ba, Odessa ba ta iso ba.

Kwana huɗu ina rufe shagon askina ina zuwa bakin ruwa. Ashe ba a barin jiragen Memphis su matso, can ƙasan gari ake tsare su. Jiya na je. Jirgin yana nan, an kewaye mutanensa da igiya. Na yi ta kiran sunanta har muryata ta dushe. Sai wani mai hura wutar jirgin ya matso ya ce, "Mata mai jiki da doguwar yarinya kake nema?"

Na ce, "Su."

Ya ce, "An sauke su a hanya."

"A wane gari?"

"Ba gari ba ne, ɗan'uwa. Ina ƙasa wurin wuta, na dai ji mun tsaya inda ake lodin itace, a gaɓar Kentucky. Ɗaya daga cikinsu ce ta yi amai, fasinjoji suka ce ko a sauke ta ko su jefa ta ruwa."

Na tambaye shi wacce, ya ce bai gani ba.

Gobe zan bi kogi. Kada ki gaya wa Mama. Ki ce mata yarinya ta iso, har ta ce hancina ya fi na kowa girma a dangi.

Ƙanenki,
Prentiss

Memphis, 30 ga Agusta

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Na san ba ka gida, amma in ban rubuta ba zan haukace.

Na san wacce ta yi aman. Ranar da za su tafi, Odessa ta tashi tana cewa kanta yana sara. Na taɓa goshinta na ji zafi. Na wanke mata fuska da ruwan sanyi, na ce, "In an tambaye ki a bakin jirgi, ki ce lafiyarki ƙalau." Tempie ta dube ta ta ce, "Yarinyar nan idonta ya yi ja." Na ce kukan rabuwa ne. Na kalli matar da muka yi shekara goma sha ɗaya muna aron gishiri a hannun juna, na yi mata ƙarya, don in fitar da 'yata daga garin nan. Ban gaya wa kowa ba sai kai.

Garin ya mutu, Prentiss. An hana kaɗa ƙararrawar jana'iza don kada marasa lafiya su ji. Ana ƙona kwalta a mararraba, an barbaɗe tituna da farar hoda, ƙofa bayan ƙofa an manna kwali mai ruwan ɗorawa. Akwatunan gawa jibge a bakin hanya kamar kayan kasuwa. Da rana tsaka in na fita ɗebo ruwa, ba abin da nake ji sai ƙarar keken Hosea. A layinmu gida huɗu suka rage da hayaƙin girki. Shekaranjiya aka fasa ƙofar mai ɗinkin takalman nan na kusurwar layi, aka same shi da matarsa, sun kwana biyar da mutuwa.

Kullum Hosea in ya dawo sai ya tsaya a bakin shinge, ya cire hula ya ce, "Maman Odessa, an samu takarda?" In ce ba a samu ba. Ya ce, "Tempie ba ta iya rubutu ba, ga ta da son hira. Tana can tana cika wa mutane kunne." Sai ya yi dariya, ni kuma in shiga ɗaki.

Ka nemo su. Allah ya tsare hanyarka.

Luvenia

St. Louis, 14 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa. Odessa tana da rai. Ga ta nan a gabana tana cin masara, Zilpha tana yi mata faɗa ta ci a hankali.

Kwana goma sha tara na yi. Kowane gari akwai maza da bindigogi a bakin hanya. A wani wuri wani dattijo ya saita ni ya ce, "Daga ina?" Na ce St. Louis. Ya ce, "Kowa haka yake cewa. Juya." Na juya ina jiran in ji harsashi a bayana. Daga nan na daina bin hanya, na koma bin gaɓa, ina tambayar masu saran itace.

A wurin lodin itace na shida na same ta, a bukkar wata tsohuwa mai suna Dicey. Ta rame, fatarta har yanzu da sauran ruwan ɗorawa, amma da na ce ni ne kawunta sai ta ce, "Mama ta ce kana da hanci."

Tempie ta rasu. Na dawo na tarar da takardarki, na yi ta tunanin ko in rage miki wani abu, amma kin san ban iya ba. Yarinyar kaɗai aka ce a sauke. Mai jirgin ya ce wa Tempie ta zauna, tunda ita lafiyarta lau. Ta ce, "Amana aka ba ni." Ta ɗauki Odessa ta sauka da ita ta kan katako. Mutanen wurin suka gudu, sai Dicey da ke ajiye musu ruwa da abinci daga nesa. Kwana shida Tempie tana jinyarta a rumfar itace. Ranar da zazzaɓin ya saki yarinya, ita ya kama. Odessa ce ta yi ta jiƙa mata leɓe har ta cika. Na ga kabarin, na kafa masa katako da sunanta.

Na je na gaya wa 'yarta. Mijin kuwa, ke ce kusa da shi.

Ba zan ce kin yi daidai ba, Yaya. Ban kuma san abin da ni zan yi ba da ni ne.

Prentiss

St. Louis, 3 ga Oktoba

Yaya Luvenia,

Ina gaishe ki, in kina ji. Takarda uku ke nan ba amsa. Kullum jarida tana buga sunayen waɗanda suka mutu a Memphis. Ina karantawa da yatsa har ƙasa, sannan in tuna mu baƙar fata ba kowa ake rubutawa ba. Jiya ina aski na yanki mutum a kunne. Odessa ta daina tambayata. Tsayawa kawai take a bakin ƙofa idan mai kawo wasiƙa zai wuce.

In fushi kike da ni, ki zage ni a takarda. In wani ne yake karanta wannan, don Allah ya rubuto ko layi ɗaya.

Prentiss

Memphis, 21 ga Oktoba

Ƙanena Prentiss,

Gaisuwa, ka yi haƙuri da rubutun, hannuna bai dawo ba.

Mama ta rasu ranar sha bakwai ga Satumba. Washegari na kwanta. Hosea ne ya binne ta, shi ne kuma ya yi sati uku yana shigowa da ruwa da romo, lokacin da ba wanda zai taka ƙofata. Takardunka ma shi yake karɓo mini. Bai iya karatu ba. Yakan miƙo mini ya tsaya yana kallon fuskata, in ce masa ido bai buɗe ba tukuna.

Shekaranjiya sanyi ya sauka, raɓa ta daskare a kan rufi. An ce ciwon ya kusa ƙarewa. Hosea yana can yana shafe ɗakinsu da farar ƙasa, wai kada Tempie ta dawo ta ce ya bar mata gida kamar turken doki.

Ka sumbaci Odessa. Kada ku taho tukuna. Da na rufe takardar nan zan shiga wurin Hosea in gaya masa, kuma daga safiyar da na wanke wa Odessa fuska zan fara.

Ka yi mini addu'a.

Yayarka,
Luvenia