Labulen Kicin Ɗina da Madubin Farfesa Halvorsen

Wenlow, watan Janairu

'Yata Corinne,

Gaisuwa mai yawa daga uwarki. Ina fata kina lafiya, ke da Dale da jikokina, kuma tarin Nate ya lafa. Ni dai lafiyata ƙalau, gwiwar ma ta warke sumul.

Na ga hotunan gidan tsofaffin da kika samo mini a Phoenix. Ya yi kyau, amma ba inda za ni. Don santsin ƙanƙara ya kayar da ni sau ɗaya, shi ke nan sai a kwashe ni kamar tsohuwar kujera? Kin ce ni kaɗai nake tun rasuwar babanki. Ashe kin manta garin da kika tashi. A Wenlow ɗaliban jami'a ne baƙi: su cika mana kunne da hayaniya, hutu ya zo su watse su bar mana katifu a bakin titi. Mu da muka rage mun san juna ciki da waje.

Dubi layinmu kawai. Koci Pruitt, wanda mutum-mutuminsa ke ƙofar filin ƙwallo, shi ke kai ni coci, yana tuƙi yana zagin fitilun hanya. Odile Marchand, mai littattafan nan da kuka karanta a makaranta, kan kawo mini miyar da ba ta ciyuwa, in karɓa don kunya.

Ga Farfesa Halvorsen a tsallaken titi, mutumin da aka sa wa tauraruwa mai wutsiya sunansa. Tun da ya bar aiki ya juyo da madubinsa na hangen taurari kan tagar kicin ɗina. Kowace safiya in ɗage labule, shi kuma ya ɗaga mini kofin gahawarsa. Ya ce duk ranar da labulen bai ɗagu ba, zai ɓalle mini ƙofa. Na ce da wane ƙarfin?

Wace tsohuwa ake yi wa irin wannan gadi a Phoenix? Ki kwantar da hankalinki.

Mamanki,
Marjorie

Wenlow, watan Fabrairu

'Yata Corinne,

Ina gaishe ki da kyau, ki shafa mini kan yaran. Da fatan Dale ya sami sauƙin aiki. Kin ce ƙarshen wata za ki zo da akwatuna, ko ina so ko ba na so. To, ji abin da ya faru ranar Talata.

Na ɗage labule kamar kullum. Madubin na nan a tagarsa, amma ba Halvorsen, ba kofi. Na ce ko makara ya yi. Na soya ƙwai, na sake leƙawa, shiru. Na zura takalman babanki, na taka ƙanƙarar nan da kike tsoro, na je na taso Pruitt. Shi ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar. Muka tarar da Halvorsen kwance a gindin matakala, ƙugu ya karye, jiki ya yi sanyi ƙalau. Likita ta ce da mun ƙara jinkiri, da wani labarin ake.

Da ya farfaɗo a asibiti, abin da ya fara tambayata shi ne me ya sa na daɗe haka. Na ce masa ba shi da kunya. Sai ya gaya mini shi ma ɗansa ya matsa zai ɗauke shi, amma ya ce masa ya sha kuruminsa, yana da mai gadi. Na yi dariya a gabansa, na fito waje na yi kuka.

Duniya ta san sunan mutumin nan, Corinne, amma ni kaɗai na lura bai sha gahawarsa ba ran nan.

Ki zo, ina kewarki ƙwarai. Ki zo da yaran, ki bar akwatunan a gida. An kusa sallamo Halvorsen, har Pruitt ya matsa masa gado jikin taga. Dole ya tarar da mai ɗage labulen.

Taki har kullum,
Mamanki, Marjorie