Rizal ɗin Gonar Gabas

Kunci

Zuwa ga 'yata Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan karatun noma na tafiya daidai. Mu nan sai godiya.

Saƙonki ya iso ta hannun Muntaka direba. Kin ce in ban aiko da rizal ɗin gonar gwajinki ba, malaminki ba zai sa hannu ki gama makaranta ba. To wai mene ne rizal ɗin nan? Gona dai na raba ta biyu, gabas sabon irin geron da kika kawo, yamma irin kakanki. Innarki Barira ta dage wai takarda ce da ake sayowa a Kano.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Isyaku

Kano

Baba,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ku da kyau. Inna ta ba ni dariya. Rizal sakamako ne kawai, shi ake faɗa a jarrabawa da asibiti. Malam ya ce Turawan ma aro suka yi daga harshen Latin, can asali abin da aka jefa ya dawo ne, kamar ƙwallo a bango.

Abin da nake so shi ne yawan damin kowane ɓangare. Don Allah kada a taɓa ko zangarniya ɗaya kafin a ƙirga.

A gaida Inna.
'Yarku, Juwairiyya

Kunci

Juwairiyya,

Sallama da gaisuwa. Yamma dami ashirin da ɗaya, gabas goma sha shida. Kwana uku ina juya alƙalami kafin in rubuta sauran.

Takardarki ta makara. Geronki ya riga na kowa nuna da mako uku, rumbu kuwa sai ƙaiƙayi. Muka yanka muka ci. Matar maƙwabcinmu Abdulkabir ta haihu, su ma muka ɗebar musu. Ban ƙirga abin da muka ci ba, yunwa ba ta san gwaji ba. Kunya ta ishe ni. In na ɓata miki karatu, ki yafe mini.

Mahaifinki, Isyaku

Kano

Baba,

Gaisuwa mai tarin yawa. Na kai wa malam takardarku. Sau biyu ya karanta. Ya ce ƙirga dai ya lalace, amma in rubuta yadda abin ya faru ba ragi, don irin geron da ya ciyar da gida biyu lokacin da rumbu ya ƙare shi suke nema tuntuni. Jiya ya sa hannu.

A ce wa Inna ta rage mini ko na kunu ɗaya, ni ma in ɗanɗana.

Ku huta lafiya.
'Yarku, Juwairiyya