Motar da Kaka Ya Gane

Daren Laraba, Wangsa Maju

Yau a ɗakin adana tsofaffin jaridu na samu abin da nake nema wa babi na uku na kundin bincikena: tallar manyan motocin da Turawa suka fara turowa ƙasar nan da nake karatu ta jirgin ruwa don jigilar roba. Irin su aka kai Kano kwasar gyaɗa, irin wadda Kaka ya tuƙa yana saurayi.

Shekara biyu ina cewa zan naɗi hirarsa idan na koma hutu. Ban koma ba.

Da la'asar na kira gida ta bidiyo, Umma ta kai masa wayar. Ya rame sosai. Na nuna masa hoton motar da ke cikin tallar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan da hannu ake tayar da ita. A hawan dutse sai an sa wa tayarta waigi don kada ta gangaro baya."

Na yi murna, na jawo biro. Sai ya juya wajen Umma ya ce, "Yarinyar nan 'yar gidan wa ce?"

Umma ta ce, "Hadizarka ce, Baba."

Ya gaishe ni cikin ladabi, kamar baƙuwa.