Gudumar Baba Mai Takalmi

Litinin, 3 ga Maris

Lauyan ɗana Auta ya aiko da saƙo. An yarda Auta ya kira ni ta bidiyo ranar Alhamis da hantsi, daga inda ake tsare da shi a ƙasar da ya je neman aiki. Takardunsa ne suka ƙare, aka kama shi. Tun bara ban ga fuskarsa ba.

A unguwarmu ko kiran murya sai an fita bakin titi. Ƙanwata ta ce in je dandalin tasha, hukumar birni ta sa waifai, wato intanet, kyauta. A tsakiyar jama'a! Ni da na gaya wa kowa yana can yana aiki a kamfani lafiya lau.

Talata, 4 ga Maris

Na ajiye ɗinki na je na gani. Sandar ƙarfe ce da farin akwati a samanta, benci ta ko'ina, kowa ya sunkuya kan waya. Idan mutane suka yi yawa abin sai ya riƙa rarrafe.

Ashe suna da tsarinsu. Akwai wani tsoho mai gyaran takalmi a gindin sandar, Baba suke ce masa. Mai kira na gaggawa shi yake gaya wa, sai ya buga sandar da guduma, ya faɗi dalilin da ƙarfi, kowa ya kashe nasa ya kife waya a cinya har a gama. A gabana aka yi wa wani da matarsa ke asibiti.

Abin da ya tsinka min zuciya: matar mai gidan da muke haya kullum tana can, tana hira da 'yarta ta waya. Matar da ko tari ka yi sai unguwa ta ji.

Alhamis, 6 ga Maris

Ban gaya wa Baba ba. Na raɓe a ƙarshen benci na kare wayar da mayafi.

Auta ya kira. Goshinsa kawai na gani, hoton ya daskare. "Mama, kina..." sai ƙarar ruwa-ruwa. Na ɗaga wayar sama, na zagaya sandar kamar mahaukaciya. Na kusa da ni yana kallon ƙwallo yana dariya. Lokacin ya ƙare.

Juma'a, 7 ga Maris

Na ɗinka hannun riga a bai-bai. Ban ci komai ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Lauya ya ce saura dama ɗaya, ranar Talata. Daga nan za a mayar da Auta wani wuri da ba a barin kira, kuma lauyan bai san har yaushe ba.

Na je wajen Baba, na kai masa takalmin da ba abin da ya same shi. Na roƙe shi ya buga gudumar ya ce lalura ce kawai. Ya ce a da haka ake yi, har samari suka riƙa ƙaryar lalura suna sauke fim, shi ya sa jama'a suka ce sai an ji dalili.

"Baiwar Allah, ko ɗan da na haifa ne sai ya faɗa. In ba za ki iya ba, ni zan faɗa a madadinki."

Na ƙwace takalmina na tafi. Tsoho sai taurin kai. Wa ya naɗa shi ma?

Litinin, 10 ga Maris

Ƙanwata ta ce, "Yaya, da bakin mutane da fuskar ɗanki, wanne kike so?" Na kore ta. Tsoro nake ji, wallahi.

Talata, 11 ga Maris

Dandali cike. Matar mai gida na zaune daf da sandar, tana ta kwasar dariya da 'yarta. Na tsaya har wayar ta fara ƙara a hannuna.

Na ce wa Baba ya buga. Ya buga, ya buɗe baki, na riga shi.

"Ɗana ne. Yana tsare a ƙasar waje. Yau ne kiran ƙarshe."

Muryata ta fita kamar ta wata. Sai na ga wayoyi suna kifewa, benci bayan benci. Matar mai gida ta katse 'yarta ko sallama babu.

Auta ya fito tar. Ya rame, ya tara gemu, amma shi ne, har tabon nan na gira. Rana ta hana ni gani sosai, sai inuwa ta rufe wayar. Matar mai gida ce ta tsaya da lemarta, ta juya fuska gefe.

Ya ce, "Mama, ke kaɗai ce? Na ji shiru."

Na ce, "A'a, cikin mutane nake."

Ban yi kuka ba sai da ya kashe.

Asabar, 15 ga Maris

Unguwa ta ji, mana. Wasu na gaishe ni da sanyin murya, na tsani hakan. Wata mai kawo ɗinki ta tambayi Auta, na ce yana tsare, a taya mu da addu'a. Ban mutu ba.

Na koma dandali, samfurin riga kawai na je saukewa. Ban gaishe da Baba ba, har yanzu ina jin haushinsa. Samfurin ya kusa gama sauka sai guduma ta buga. Ban ma ji dalilin ba tukuna na ga wayata a kife a cinyata.